Maigidana ya ce ƙara ba ta cutar da mai son kiɗa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin garin Sakkwato, ina da yaro ɗaya ɗan shekara 3. Maigidana DJ ne, shi ake ɗauka a wajen kamu da wunin biki da dina. Da rana kuma yana da shagon cajin waya da tura waƙoƙi, sifika a bakin ƙofa, janareta a gefe. Shekara 9 ke nan yana wannan sana'a, kuma da ita muke ci muke sha. Tun bara na lura sai na maimaita magana sau biyu ko uku kafin ya amsa, talabijin kuma sai ya ƙure mata murya har maƙwabta su ji. Idan ya dawo daga biki ya kwanta, yakan ce kunnensa na yi masa "shuuu" har asuba. Da na ce ya je asibiti sai ya yi dariya, ya ce da ni: "Wanda ba shi son kiɗi shi ƙara ka cuta, ni kunnena ya saba." Na kai maganar wurin mahaifiyarsa, ta ce in bar shi, kada in yi masa baki a hanyar abincinsa. Yanzu kuma ya fara ɗaukar yaron nan zuwa shago, su wuni tare. Anti, da gaske ne in mutum yana son kiɗa ƙarar ba ta yi masa illa? Kuma ta yaya zan shawo kansa ba tare da mun yi rigima ba?

Wata baiwar Allah daga Mabera

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri da kika kula, don yawancin masu irin wannan matsala ba su ne ke fara ganewa ba, na kusa da su ne. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a. Son da mutum ke yi wa kiɗa ba ya rage komai daga ɓarnar da ƙara ke yi wa kunne. Abubuwa biyu ke yin ɓarnar: ƙarfin sautin, da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka a cikinsa. In waƙar da maigidanki ya fi ƙauna a duniya da injin niƙan da ya tsana suka zo da ƙarfi ɗaya, aiki ɗaya za su yi masa.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne da wasu 'yan ƙasusuwa guda uku, akwai wani sashe a naɗe mai ruwa a ciki. A jikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, kuma su ne ke karɓar motsin sauti su miƙa shi ga jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana jijjiga su fiye da kima. In abin na dare ɗaya ne, sukan galabaita su farfaɗo bayan wasu awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa wanda ya taso daga gaban sifika yake jin kunnensa ya yi dum kamar an toshe, da safe kuma ya ji ya washe. In ana maimaitawa kullum, sai su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya mutu a kunnen ɗan Adam ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ɗigo, babu jiƙon da ke dawo da shi. Wannan "shuuu" da yake ji da dare alama ce cewa an taɓa su.

Maganar sabo kuwa, na gane inda ya samo ta. Yana ganin kunne kamar hannun manomi ne, wanda in ya sha fartanya sai ya yi kanta ya daina jin zafi. Kunne ba ya yin kanta. In ƙarar da take damunsa shekara 9 da suka wuce yau ba ta damunsa, dalili mafi kusa shi ne yanzu ba ya jin ta yadda yake ji a da. Abin da yake kira sabo shi ne raunin da kike gani a gida idan ya ƙure talabijin. Kuma abin yana ciyar da kansa, domin duk sanda ji ya ragu sai ya ƙara murya don ya ji daɗin da ya saba ji, ƙarin muryar kuma ya ƙara cin abin da ya rage.

Ga lissafin, ko zai yi miki amfani ranar da za ku zauna. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai kimanin 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 88 awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 100 kuwa minti 15 kacal. Gaban manyan sifikun biki yakan kai 100 har ya wuce. Ke kin fi ni sanin awa nawa yake yi a wurin, daga la'asar zuwa tashin dina, bayan ya wuni a shago tsakanin sifika da janareta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren shagali cewa kada matsakaicin sauti ya haura desibel 100, kuma ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraron sauti. Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura: in mutum yana tsaye kusa da ke, tazarar miƙa hannu, amma sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, to wurin ya kai matakin da ke cutarwa.

To shin ra'ayin mutum game da ƙara ba ya da wani tasiri ke nan? Yana da shi, kuma babba, sai dai ta hanyar da maigidanki bai zata ba. Masu bincike a ƙasashen Turai, irin su Siwidin da Beljiyam, sun yi ta tambayar matasa yadda suke ɗaukar ƙara, suna kwatanta amsarsu da halayensu. Abin da ya yi ta fitowa shi ne, waɗanda ke ganin ƙara ba komai ba ce, ko ma ita ce armashin taro, su ne suka fi ƙarancin amfani da abin kare kunne, waɗanda ke ganin ta a matsayin matsala kuma sun fi karewa. Ki duba wurin biki ki gani da idonki. Tsohuwar da ba ta son hayaniya tana can ƙarshen rumfa, ta ci abincinta ta yi wa amarya addu'a ta tafi. 'Yan matan amarya da samarin da waƙar ta shiga ransu su ne ke gaban sifika har a tashi, suna cewa DJ ya ƙara. Mai ƙin ƙarar ƙiyayyarsa ta kore shi daga wurin, ta cece shi. Mai son ta kuwa son ya zaunar da shi, ya kashe masa ƙararrawar da ya kamata ta ce masa ya isa haka. Saboda haka maganar maigidanki juye take: mai son kiɗa shi ya fi shiga haɗari.

Amma kada mu ƙwace masa gaskiyar da yake da ita, don in kika je masa da cewa komai nasa kuskure ne ba zai saurare ki ba. Gaskiya ne ƙarar da mutum ya tsana ta fi tayar masa da hankali, ta hana shi barci, ta sa masa ciwon kai, alhali wadda yake so tana sa shi nishaɗi. Wannan batun zuciya ne da natsuwa, bai shafi abin da ke faruwa a cikin kunne ba. Gaskiya ne kuma mutane sun bambanta, wani kunnensa ya fi na wani juriya, sai dai ba wanda ke sanin rabonsa sai bayan an yi ɓarnar, shi kuma nasa ya riga ya fara magana. Zai iya kawo miki misalin tsofaffin makaɗan ƙasar nan da suka tsufa suna kalangu da kotso kuma suna jin kira. Ki tuna masa cewa su a fili suke kiɗa, da ƙarfin hannu da fatar akuya, babu amfilifaya, babu sifika huɗu a cikin ɗakin taro mai rufin kwano da ƙofofi a rufe. Kuma ba wanda ya bi su da na'ura ya auna abin da suka rasa.

Yanzu ki dube shi da idon rahama. Namijin da kunnensa shi ne jarinsa, ranar da aka ce masa kunnen ya fara tafiya, abin da yake ji a ransa shi ne sana'arsa ce za ta tafi. Ina kyautata zaton dariyar nan da ya yi miki akwai tsoro a ƙarƙashinta. Mutumin da ke kwance da dare kunnensa na ƙugi ya san akwai abin da ke faruwa, faɗa ne ba ya so ya yi. Ga kuma masu biki, waɗanda in bai ƙure ba za su ce kayansa ba su da ƙarfi, gobe su ɗauki wani. Wannan matsin gaskiya ne, kada ki raina shi. Mahaifiyarsa ma ba ƙin lafiyarsa take yi ba. Abin da ta ji a maganarki shi ne ana so ɗanta ya bar abin da yake ciyar da gida, wataƙila har da ita. Ina ganin kin ɗan yi saurin kai mata, amma ba laifi ba ne da ba ya gyaruwa. In kin koma gaishe ta, kada ki ambaci sana'a ko kaɗan. Ki ce, "Inna, kunnen nan na hana shi barci, ki sa baki ya je a duba shi." Uwa ba ta jin ɗanta ba ya barci ta yi shiru.

Shi ma ta ƙofar sana'ar za ki shigo masa, domin nan ne hujjarki ta fi ƙarfi. Ƙara tana fara cin sautuka masu siririn amo ne, shi ya sa yake jin kina magana amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman masu "s" da "sh" da "ts" da "f", kuma abin ya fi tsanani in akwai hayaniya ko in muryar mace ce ko ta yaro. DJ ɗin da ya rasa wannan sashe na jinsa, in ya zauna gaban na'urarsa sai ya ji waƙa ta yi masa dishi-dishi, sai ya murɗa maɓallin siririn sauti sama. Shi a kunnensa ya gyara, mutanen da ke rumfa kuwa sautin na tsaga musu kai. A hankali a fara cewa kiɗan wane ba ya daɗi kamar da, shi kuma bai san dalili ba, sai ya ɗora laifin a kan sifika ya je ya sayo sabuwa. Ki zaɓi ranar da ba shi da biki, bayan ya ci ya huta, ba a gaban kowa ba, kuma ba lokacin da kika gama jin haushin maimaita magana ba. Ki ce masa, "Baban wane, ni ba cewa na yi ka bari ba. So nake ka yi shekara 20 nan gaba kana yi, kuma kunnen nan shi ne injin da ba a sayar da irinsa." Daga nan ki roƙi abu ɗaya tak, gwajin ji. Kada ki haɗa masa buƙatu biyar a zama ɗaya.

Gwajin ba shi da zafi kuma ba ya cin lokaci. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za a fara leƙa kunnen, don wani lokaci dattin kunne ne ya taru ya toshe, ko wani ciwo da ke warkewa da magani, kuma in haka ne kun huta. Sannan a sa masa abin sauraro a ɗaki mai shiru, a riƙa sako sautuka yana nuna wanda ya ji, a fitar da sakamako a takarda. Ya je bayan ya yi kwana ɗaya ko biyu ba ya cikin ƙara, don a ga ainihin jinsa ba gajiyar daren jiya ba. Takardar nan za ta yi miki aikin da bakinki ba zai yi ba, saboda raunin da ƙara ke jawowa yana da kamanninsa da likita ke ganewa. Ya adana ta, ya sake gwajin bayan shekara, ya kwatanta. In an ga abin ya yi nisa za a yi masa maganar na'urar taimakon ji, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna in ana buƙatar turawa. Kafin nan, don Allah kada a ɗiga masa komai a kunne, ko mai ko ruwan wani ganye, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza. Ya kuma gaya wa duk likitan da zai rubuta masa magani cewa kunnensa na ƙugi, domin akwai magunguna irin su allurar jentamaisin da kwinin da ke taɓa ji. In kuwa wata rana ya tashi kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, ko jiri ya haɗu da shi, ko kunnen na fitar da ruwa, ranar za a je asibiti, ba a jira.

Abin da zai canza a wurin aiki ba shi da tsada. Na farko wurin zamansa. Yawancin DJ ɗinmu suna kafa teburinsu a jikin sifika saboda gajartar waya. Ya sayi doguwar waya, ya ɗaga sifikun a kan ƙafa su fuskanci fili, shi ya koma bayansu ko can gefe. A fili, duk sanda mutum ya ninka tazararsa da sifika, sauti na raguwa da kimanin desibel 6, wanda a lissafin da na ba ki ya ninka lokacin da kunne zai iya ɗauka sau huɗu. Sai abin toshe kunne na soso, irin wanda masu sayar da kayan kariyar ma'aikatan gini da wasu manyan kantunan magani ke da shi. Yadda ake sa shi ne mutane ke kuskurewa: a murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In an sa shi daidai yana rage desibel 15 zuwa 30. Ko 15 ɗin kawai ya samu, ya sauko daga 100 zuwa 85, wato daga minti 15 zuwa awa 8. Auduga ba ta yin wannan aiki, kada ya ruɗi kansa da ita. Zai ce soso na dusashe masa waƙa, kuma da gaskiyarsa. Akwai irin na mawaƙa mai 'yar matata a ciki, wanda ke rage ƙarfi ba tare da ya ɓata sautin ba, ana samu ta intanet. In kuma kunya yake ji kada abokai su gani, babban abin sauraron da DJ ke ɗorawa a kai yana rufe shi ruf.

Lokacin cin abinci da lokacin da ake jawabi ko addu'a, ya sauke murya ya fita waje na minti goma. Ya sauke manhajar auna sauti a wayarsa, ba ta kai na'urar asibiti daidaito ba, amma za ta nuna masa lamba, kuma maza sun fi yarda da lamba a kan maganar matansu, wannan kam sai haƙuri. A shago kuwa ban ga dalilin da zai sa sifika ta wuni tana ihu ba. Masu caji sun san wurin, wanda zai tura waƙa ana iya kunna masa ya ji a kashe. Janareta ya koma nesa da doguwar waya, a waje inda iska ke kaɗawa, wanda ko don hayaƙinsa ya kamata. Kashegarin biki ya bar kunnen ya huta, ban da iyafis. Na san kafin azumi da bayan Sallah biki kan yi yawa har a rasa ranar hutu, to a irin wannan lokaci ne abin toshe kunnen ya zama dole. Kada kuma mafita ta zama a tura yaron shago gaban sifika shi ya koma baya, don shi ma ɗan wani ne. Nan gaba, in Allah Ya hore, ya fara karkata zuwa bayar da hayar kayan sauti, da ɗaukar walima da saukar karatu da tarukan da magana ake so a ji ba a girgiza ƙasa ba.

A gida ke ma akwai naki. Ki daina yi masa magana daga wani ɗaki. Ki kira sunansa tukuna, ki fuskance shi, ki yi magana a natse ba da ihu ba, don ihu na ƙara cakuɗa kalmomi. In ƙugin ya hana shi barci, ƙarar fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa takan rage masa jin sa. Kuma kada "kurma" ta fito daga bakinki ko da wasa, ko a bakin wani a gabanki.

Maganar yaro ita ce wadda ba zan ce ki bi a hankali ba. Ga manya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a wuce desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara kuwa ta sauko zuwa 75. Ɗan shekara 3 yanzu yake haɗa harshe, kuma da kunne ake koyon magana da karatu. Ba zai ce miki kunnensa na ƙugi ba, bai ma san ba haka kowa ke ji ba. Uban yana ɗaukarsa ne don ƙauna, saboda haka kada ki sa ya ji kamar raba su kike yi. Ki ba shi zaɓi: in yaron zai je shago, sifika a kashe take kuma janareta na nesa, in ba haka ba ya bari sai ya dawo su fita tare da yamma. Wurin biki kuwa kada a kai shi kusa da sifika, ko a bayanki yake a goye. In kin lura ba ya juyowa idan an kira shi daga baya, ko maganarsa ta yi jinkiri a kan ta tsaransa, ku tafi da shi ranar gwajin uban a duba su tare. Sau da yawa ma uban da ya ƙi zuwa don kansa yakan je don ɗansa, in ya je kuma likita ba zai bar shi ya fito haka ba.

In duk kin yi wannan ya ƙi, kada ki mayar da abin gardamar kullum, don zai daina jin ki ta hanyar da ba ta da alaƙa da kunne. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyi, yayansa ko wanda ya koya masa sana'ar ko limamin masallacinsu, wanda zai tuna masa cewa ji amana ne da za a tambaye shi a kai, kamar yadda ya zo a aya ta 36 cikin Suratul Isra'i. Ki sayi sosan kunnen da kanki ki jefa a jakar wayoyinsa ba tare da dogon bayani ba. Daren da ya dawo ƙugin ya fi na kullum, kada ki ce "ai na faɗa maka", ki tambaye shi kawai ko in an wayi gari za ku je. In an yi gwajin, ki rubuto mini abin da likita ya ce, mu ga mataki na gaba. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya muku yaron.